Kwarmata sirrin soja: wane ne jarumi, wane ne maci amana?

Duk ranar da hoton wata takarda mai tambarin soja ya fara yawo a WhatsApp, ko bidiyon wani soja a bakin daga yana kukan ƙarancin harsashi, gardama iri ɗaya ce ke tashi a Zariya, daga teburin mai shayi a Tudun Wada har ɗakunan kwanan ɗalibai a Samaru da Kongo. Wani ya ce wanda ya fitar da abin namijin duniya ne, ya faɗi abin da manya ke ɓoyewa. Na kusa da shi, wataƙila tsohon soja ne da ya ajiye kaki, ya ce: "Yaro, ba ka san yaƙi ba. Wannan takardar da kake yaɗawa, 'yan ta'adda ma suna da waya."

Ba abin mamaki ba ne maganar ta yi zafi a nan. Zariya garin bariki ne. Cibiyar horas da kuratan soja tana nan tun 1924, ga makarantar sakandaren soja, ga barikin Basawa, ga Jaji a kan hanyar Kaduna. Da wuya ka samu unguwar da ba ta da ɗa ko suruki a cikin kaki. Garin kuma shi ne mahaifar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, ga jami'ar da ke yaye lauyoyi da 'yan jarida kowace shekara. Masu ganin cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, da masu ganin ɓoye gaskiya zalunci ne, kasuwa ɗaya suke ci.

Abin da ke hana gardamar ƙarewa shi ne kowane ɓangare da irin mutumin da yake hangowa a ransa, kuma sau da yawa ba mutum ɗaya suke nufi ba.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Bayanin sirri, a ma'anar hukuma, shi ne wanda wani jami'i mai izini ya buga wa hatimin cewa ba kowa zai gani ba. Hatimin hawa-hawa ne, daga wanda aka taƙaita wa ma'aikatan wani ofis har zuwa sirri na ƙoli. Dokar Sirrin Gwamnati ta Najeriya, wadda aka yi a 1962, ta ɗora sharaɗi biyu: a hana jama'a ganinsa a ƙarƙashin tsarin gwamnati, kuma fitarsa ta zama mai cutar da tsaron ƙasa. Sharaɗi na biyun nan shi ne ake yawan mantawa. Takarda tana iya ɗauke da hatimi alhali abin da ke cikinta kunyar wani babba ce kawai.

Su kuma masu fitar da bayanin ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai ɗan leƙen asiri, wanda ke miƙa wa wata ƙasa ko abokan gaba bayani a ɓoye, don kuɗi ko aƙida. Ƙanensa a ƙauyukanmu shi ne infoma, mai gaya wa 'yan bindiga wace hanya sojoji suka bi da kuma gidan wa aka sayar da shanu. Babu mai kiran waɗannan jarumai. Akwai mai kwarmato, ma'aikacin da ya ga ɓarna a cikin gida, kisa ko sata ko ƙarya ga jama'a, ya fito da ita don a gyara. Akwai mai sakaci ko neman suna, wanda bai nufi kowa da sharri ba amma bakinsa ko wayarsa ba su da linzami. Sai kuma na huɗu, wanda ba a cika ambata ba duk da ya fi kowa yawa: babban jami'in da ke tsegunta wa ɗan jarida sirri da gangan, don ya wanke kansa ko ya shafa wa abokin hamayya kashin kaji. Shi wannan ba ya zuwa kotu. A jarida sunansa "wata majiya mai tushe".

Ɗan jaridar da ya karɓa ya buga, matsayinsa daban ne kuma, domin bai yi rantsuwar riƙe sirri ba.

Daga Ellsberg zuwa Teixeira

Yawancin sunayen da ake jifan juna da su a wannan muhawara daga Amurka suka fito, don haka ya kamata a san abin da kowannensu ya aikata.

Daniel Ellsberg manazarcin harkokin soja ne da ya yi aiki a kan wani rahoton sirri mai shafi kusan 7,000 game da yadda Amurka ta tsunduma cikin yaƙin Biyetnam. Rahoton ya nuna gwamnatoci huɗu a jere sun riƙa gaya wa jama'a abin da ya saɓa da abin da suka sani. A watan Yunin 1971 jaridar New York Times ta fara bugawa. Gwamnatin Nixon ta garzaya kotu, amma Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta ce ba za a hana bugawa ba. An gurfanar da Ellsberg, sai shari'ar ta rushe a 1973 bayan an gano mutanen fadar shugaban ƙasa sun fasa ofishin likitansa suna neman abin da za su ɓata shi da shi. Wato ba wanke shi aka yi ba, gwamnati ce ta ɓata rawarta da tsalle. Abu biyu ne suka sa har masu tsaurin ra'ayi ke sassauta masa a yau. Takardun tarihi ne, sun tsaya a 1967, babu shirin farmakin gobe a ciki. Sannan ya riƙe kundi huɗu da suka shafi tattaunawar sulhu bai ba jarida ba.

Shekara kusan arba'in bayan haka, wani ƙaramin soja mai nazarin bayanai a Iraƙi, Bradley Manning a lokacin, Chelsea Manning a yanzu, ya kwashi takardu dubu ɗaruruwa ya miƙa wa shafin WikiLeaks na Julian Assange. A cikinsu akwai bidiyon wani jirgi mai saukar ungulu da ya buɗe wuta a Bagadaza a watan Yulin 2007, ya kashe mutane har da ma'aikatan kamfanin dillancin labarai na Reuters biyu. Reuters ta nemi bidiyon ta hanyar doka ba ta samu ba, sai a 2010 duniya ta gan shi. Akwai kuma rahotannin fagen daga na Afganistan da Iraƙi, da wasiƙun jakadanci kimanin 250,000. Kotun soja ta yanke ɗaurin shekara 35 a 2013, amma ta wanke Manning daga tuhuma mafi girma, ta taimakon abokan gaba. Obama ya rage hukuncin a 2017.

A nan ne muhawarar ta rikice, domin abin da aka fitar ya haɗa tsaba da tsakuwa. Ba zai yiwu mutum ɗaya ya karanta takardu masu wannan yawa kafin ya sake su ba. A wasu rahotannin Afganistan akwai sunayen mutanen gari da suka yi magana da sojojin Amurka. A 2011 wasiƙun jakadancin suka fita gaba ɗaya ba tare da an goge suna ba, har jaridun da suka yi aiki da Assange suka fito suka yi tir. Wani ɗan jaridar Habasha ya tsere daga ƙasarsa bayan sunansa ya bayyana a ciki. A ɗaya gefen kuma, janar ɗin da ya jagoranci binciken illar fallasar ya shaida wa kotun Manning cewa ba su iya nuna mutum guda da aka kashe saboda ita ba. Kowane ɓangare yakan ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya bar ɗaya rabin. Shi Assange ya yi shekara bakwai a ofishin jakadancin Ekwado a Landan, ya yi biyar a kurkukun Belmarsh, sannan a watan Yunin 2024 ya amsa laifi guda aka bar shi ya koma Ostareliya.

Edward Snowden, ɗan kwangila a hukumar tatsar bayanan sadarwa ta Amurka, ya bayyana a 2013 cewa ana tattara bayanan kiran wayar miliyoyin Amurkawa a asirce. Majalisa ta sauya dokar a 2015, wata kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ce a 2020 shirin ya saɓa doka. Masu sukarsa suna cewa abin da ya kwasa ya wuce wannan nesa ba kusa ba, ga shi ya ƙare a Rasha, wadda ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2022.

Sai Jack Teixeira, matashi ɗan shekara 21 a rundunar sama ta jihar Massachusetts, wanda ya riƙa ɗora takardun sirri kan yaƙin Yukiren a wani zauren hira na Discord don ya burge abokan wasansa. Babu ɓarnar da yake son tonawa. An kama shi a 2023, an ɗaure shi shekara 15. Duk da haka ya samu masu kiransa jarumi, galibi waɗanda dama ba sa son taimakon da ake ba Yukiren. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda lambar jarumta ke bin ra'ayin mai bayarwa fiye da aikin mai karɓa.

Wata shari'ar da ta fi kusa da Afirka ita ce ta Katharine Gun, mai fassara a hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya. A farkon 2003 ta fitar da takarda ɗaya tak, wadda ke nuna Amurka na neman taimako a saurari wayoyin wakilan ƙasashe shida a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, har da Kamaru da Gini da Angola, gabanin ƙuri'ar yaƙin Iraƙi. An tuhume ta, amma ranar da za a fara shari'a a 2004 masu gabatar da ƙara suka janye.

Namu na gida

Wasiƙun WikiLeaks sun taɓo mu kai tsaye. A cikinsu aka ga wata babbar jami'ar kamfanin Shell tana gaya wa jakadiyar Amurka cewa suna da mutane a ma'aikatun gwamnatin Najeriya da suka shafe su. A cikinsu kuma aka ga zargin cewa kamfanin Pfizer ya sa a binciko laifukan ministan shari'a na lokacin don ya sassauta ƙarar gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, zargin da kamfanin ya musanta. Mutane da dama a Arewa sun fara jin sunan Assange ne ta wannan hanya, shi ya sa yake da farin jini a nan fiye da yadda yake da shi a Washington.

Amma misalin da ya fi fito da matsalar fili shi ne na Baga. A ƙarshen 2018 mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, suka ƙwace garin. Ranar Lahadi 6 ga Janairun 2019 Daily Trust ta buga cewa sojoji na shirya gagarumin farmaki don ƙwato shi. A ranar sojoji suka mamaye ofisoshin jaridar a Maiduguri da Abuja da Legas, suka tafi da editan yankin da wani wakili da kwamfutoci, har sai da fadar shugaban ƙasa ta ba da umarnin su janye. Rundunar ta ce labarin ya fallasa shirin da ba a aiwatar ba, ya jefa rayukan dakaru cikin haɗari. Ƙungiyoyin 'yan jarida suka ce ko da akwai kuskure, kotu ake zuwa, ba a aika bindiga ɗakin labarai. Mutum zai iya yarda da maganganun biyu a lokaci guda ba tare da ya yi tufka da warwara ba: buga shirin farmaki kafin a kai shi abu ne mai haɗari, mamaye gidan jarida kuma ba hanyar doka ba ce. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, wa ya ba jaridar? Daga cikin gida bayanin ya fito. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma bidiyoyin bakin daga. Bayan harin Metele a watan Nuwamban 2018, an ga sojoji suna nuna tankokin da suka lalace suna kukan kayan aiki. A watan Maris na 2020 bidiyon Manjo Janar Olusegun Adeniyi, kwamandan yaƙin Arewa maso Gabas a lokacin, ya fita yana bayyana irin ruwan wutar da mayaƙa suka yi wa dakarunsa. An cire shi, daga baya kotun soja ta same shi da laifin saɓa ƙa'idar amfani da kafafen sada zumunta. Ga hafsoshi, irin wannan bidiyo kyauta ce ga abokan gaba: yana nuna musu rauni, yana karya gwiwar na baya. Ga iyalan sojoji kuwa, wani lokaci ta nan kaɗai suke sanin halin da 'ya'yansu ke ciki.

Abin da ke ƙara wa masu kare irin waɗannan sojoji ƙarfi shi ne tarihin 2014 da 2015. A watan Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin zuwa fagen daga, su kuma suna cewa ba a ba su makamai ba. Shekara guda bayan haka aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuƙi, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, zargin da ya musanta. A watan ne kuma aka mayar da hukuncin kisan ɗaurin shekara goma. Wanda ya bi wannan labari da wuya ya yarda cewa duk sojan da ya yi kuka a fili maƙaryaci ne.

Hujjar kowane ɓangare

Masu cewa cin amana ne suna da hujjoji masu nauyi. Soja ya yi rantsuwa, kuma rundunar da kowane kurtu zai zaɓi sirrin da ya ga dama ya riƙe ba runduna ba ce. Ƙaramin jami'i ɓangare ɗaya na hoton yake gani. Abin da ya ɗauka ba komai ba ne, lambar mota ko sunan ƙauye ko lokacin tashin jirgi, yana iya zama guntun da abokin gaba ke jira ya cike nasa lissafin. Illar kuma ba ta cika fitowa a fili ba: majiyar da ta daina magana, ƙasar da ta daina ba ka bayani, ba a ɗaukar hotonsu. Suna ƙarawa da cewa babu wanda ya zaɓi mai kwarmato. Majalisa da kotu aka ɗora wa sa ido, ba mutum ɗaya da kwamfutarsa ba.

Masu cewa jarumta ce suna amsawa da cewa rantsuwar ga ƙasa da tsarin mulki aka yi ta, ba ga rufa asirin shugabanni ba. Hatimin sirri a hannun wanda ake zargi yake, don haka shi ne alƙalin abin da za a sani game da laifinsa. Hanyoyin cikin gida kuma sau da yawa suna komawa teburin mutumin da ake ƙara. Suna nuna bambancin hukunci: Janar David Petraeus, wanda ya ba marubuciyar tarihinsa littattafan ajiyarsa masu ɗauke da sirri, tarar dala 100,000 aka ci shi a 2015 ba tare da ya kwana a kurkuku ba, alhali Reality Winner, ƙaramar 'yar kwangila da ta fitar da takarda ɗaya, an yanke mata fiye da shekara biyar. A watan Maris na 2025 manyan jami'an tsaron Amurka suka tattauna harin Yaman a manhajar Signal bayan sun saka editan wata mujalla cikin zauren bisa kuskure, ba a gurfanar da kowa ba.

A majalisun Zariya maganar ba ta daɗewa ba ta koma ga addini ba, kuma a nan ma kowa da abin riƙonsa. Masu tsaurarawa sukan kawo ayar Suratun Nisa'i da ta zargi masu yaɗa labarin aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, maimakon su mayar da shi ga Manzo da ma'abota al'amari. Ɗaya ɓangaren su kawo hanin ɓoye shaida da ke ƙarshen Suratul Baƙara, da wajibcin hana mummuna. Ƙissar da ta fi dacewa da batun ita ce ta Sahabi Haɗib ɗan Abi Balta'a, wanda ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su shirin tafiya Makka, ya ba wata mata ta ɓoye a gashinta. Aka tare ta a hanya aka karɓo wasiƙar. Sayyidina Umar ya nemi izinin kashe shi. Annabi (SAW) ya tambaye shi dalili, ya ce iyalinsa ne a Makka ba su da mai kare su, aka karɓi uzurinsa aka kuma tuna cewa ya halarci Badar. Ƙissar ba ta ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. Aikin kuskure ne babba, an hana wasiƙar isa, farkon Suratul Mumtahana ya sauka a kai. Amma kafin hukunci an saurari mai laifin, an duba niyyarsa da tarihinsa.

In aka tace duk wannan, abin da ke raba shari'o'in ba halin mutumin ba ne, 'yan tambayoyi ne game da aikin. Abin da aka fitar ɓarnar da ta riga ta faru ce, ko shirin da ba a aiwatar ba? An zaɓo abin da ya shafi ɓarnar, ko an kwashe rumbun duka? Wa aka ba? An gwada ƙofar cikin gida, kuma ƙofar tana buɗuwa? Ƙa'idojin Tshwane, waɗanda masana daga ƙasashe da dama suka fitar a Afirka ta Kudu a 2013, kusan a kan wannan ma'auni suka tsaya: a kare sirrin shirin yaƙi da makamai da majiyoyi, amma kada a ɓoye take haƙƙin ɗan Adam da sunan tsaro. Ƙa'idojin shawara ce, ba su ɗaure kowace gwamnati ba. Da wannan ma'auni Gun da Ellsberg suna gefe guda, Teixeira yana can ɗaya gefen, Manning da Snowden kuma suna tsakiya inda gardama ba za ta ƙare ba.

Me dokar Najeriya ta ce?

Dokoki biyu ne ke kallon juna. Ta 1962 ta haramta wa wanda aka damƙa wa bayanin sirri ya miƙa shi ga wanda ba shi da izini, ta kuma haramta samu ko kwafa ko ajiye shi ba da izini ba. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 14. A 2024 gwamnatin tarayya ta sake gargaɗin ma'aikatanta da wannan doka bayan takardun ofis sun yi ta fita.

Ta biyun ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ta ba kowa damar neman bayani daga hukuma a amsa masa cikin kwana bakwai. Ta yarda a hana abin da zai cutar da tsaro, sai dai in amfanin jama'a ya rinjayi cutarwar. Ta ce hatimin sirri shi kaɗai bai isa dalilin hanawa ba. Sashe na 27 kuma ya ce Dokar Sirrin Gwamnati ba za ta cutar da ma'aikacin da ya bayyana, ko ba da izini ba, abin da yake da dalilin gaskata cewa yana nuna karya doka, ko almubazzaranci da zamba, ko babban haɗari ga lafiyar jama'a. Kariyar ta haɗa da wanda ya karɓa ya yaɗa. A rubuce, wannan ya fi abin da ɗan Amurka ke da shi, domin a ƙarƙashin dokarsu ta leƙen asiri ta 1917 kotuna ba sa karɓar "na yi don amfanin jama'a" a matsayin kariya.

Sai dai akwai giɓi. Sashen bai ambaci Dokar Rundunonin Soja ba, wadda da ita ake yi wa mai kaki shari'a a kotun soja, kuma sashe na 39 na tsarin mulki, wanda ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, shi da kansa ya yarda a taƙaita shi ga sojoji da 'yan sanda. Ba lallai ne a tuhumi soja da fallasa sirri ba. Saɓa umarni ko karya ƙa'idar amfani da waya ya wadatar.

Shirin kwarmato da Ma'aikatar Kuɗi ta ƙaddamar a watan Disambar 2016, mai ba da ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato, tsari ne na gwamnati ba doka ba, kuma kan dukiyar sata ya fi karkata. Bai tanadi komai ba ga kofur ɗin da ya ga an harbe fursuna.

Hanyar hukuma takan yi aiki wani lokaci. Mutanen Zariya sun ga haka bayan rikicin Disambar 2015 tsakanin sojoji da almajiran Sheikh Ibrahim Zakzaky: a gaban kwamitin binciken shari'a ne jami'an gwamnatin Kaduna suka bayyana a 2016 cewa an binne gawa 347 a kabari guda. Ba wanda ya saci takarda, tambaya aka yi a zauren da doka ta kafa. Abin da ya biyo bayan rahoton kwamitin kuma wani zance ne, kuma shi ne masu goyon bayan kwarmato ke nunawa idan aka ce musu a bi ƙa'ida.

Inda abin ke sauka a kan talaka

Wanda ya fi kusa da haɗari shi ne mai tura saƙo. Takardar da ke nuna ranar da ayarin soja zai bi hanyar Birnin Gwari ko Giwa, in ta shiga zauren WhatsApp na unguwa, ba mai iya cewa a wayar wa za ta kwana. Kariyar sashe na 27 ta shafi bayanin da ke tona ɓarna ne, jadawalin tafiyar dakaru ba ya ciki. Ga kuma takardun bogi, waɗanda haɗa su da tambari da sa hannu bai fi aikin minti kaɗan a kwamfuta ba, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, an sha kama mutane da ita kan abin da suka wallafa. Haka matar soja ko ƙaninsa da ya sa hotonsa da sunan inda aka tura shi don neman addu'a, da kyakkyawar niyya ya yi, amma ya faɗi abin da rundunar ke ɓoyewa.

Yawan rufa-rufa shi ma talaka ne ke biyan kuɗinsa. Iyalin da ba a gaya musu gaskiyar yadda ɗansu ya rasu ba, da ƙauyen da aka jefa wa bam bisa kuskure, su ne ke buƙatar wani ya yi magana. A Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi a daren 3 ga Disambar 2023, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. Hotuna da shaidar mutanen garin sun riga kowace sanarwa fita, rundunar kuma ta amsa cewa ita ce cikin kwana guda. Inda hukuma ta yi saurin faɗa da bakinta, mai kwarmato ba ya samun abin sayarwa, jita-jita ma ba ta samun wurin zama.

Idan kuma hukuma ta kasa gano mai tsegunta wa 'yan bindiga, kowa take rufewa. A 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, da hujjar raba 'yan bindiga da infomominsu. Makonni mutanen waɗannan yankuna suka yi suna tafiya mai nisa, wasu har cikin Zariya, kafin su samu sabis su kira ɗan'uwa ko su karɓi kuɗin da aka turo musu.